Inda Aka Binne Cibiyar Yayana

Yayana ya shekara goma sha takwas yana aikin banki kafin ya ajiye. Da akawu ya fara a Katsina, aka kai shi Kano, daga can sai Kaduna, har ya zama manaja. Mu a Jibiya ba mu san waɗannan matakai ba. Abin da muka sani shi ne duk sallah yakan dawo da ƙarin tumbi da sabon tabarau, daga baya kuma ya zo da farar Fijo. Ni ce ta huɗu a ɗakinmu, ina koyarwa a firamare a lokacin, kuma ba zan ɓoye ba, na yi ta fariya da shi a gaban malamai 'yan uwana har suka fara kau da kai in na buɗe baki.

Shekarun nan ne kuɗin man fetur ya ruɗa ƙasa. Manyan motoci sukan yi layi a bakin iyaka wajen Magama, shaƙe da siminti da fulawa, kowane saurayi kuma yana neman babur da rediyon ratayawa. Amma mata suna nan suna tonon ruwa a yashin gulbi kamar yadda kakanninmu suka yi. Wannan ne ya tsaya wa Yaya a rai. Yakan ce arziki yana wucewa ta kan titinmu, ko tsayawa gaisuwa ba ya yi. Da soja suka ce za su miƙa mulki, dattawan wata jam'iyya suka bi shi har Kaduna, suka roƙe shi ya tsaya takarar majalisar jiha, don a lokacin Katsina duk tana cikin jihar Kaduna ne. Ya rubuta takardar barin aiki, ya kwaso iyalinsa ya dawo gida. Na yi masa iyakar faɗan da ƙanwa za ta iya yi wa wanta, na ce ya saki reshe ya kama ganye. Dariya kawai ya yi.

Bai cika wata biyu da dawowa ba magana ta ɓulla a kasuwa, wai shi ba ɗan ƙasa ba ne, a Nijar aka binne cibiyarsa. Wani Alhaji mai motocin dako ne ya ƙirƙiro ta, ɗan jam'iyyarsu ne, kuma shi ma kujerar yake so. Abin haushin shi ne ba ƙarya ya yi ba. Innarmu 'yar wani ƙauye ce a bayan iyaka, kan hanyar Maraɗi. Da cikinta na fari ya tsufa sai aka mai da ita gidan iyayenta goyon ciki, kamar kowace mai cikin fari. Can ta haihu, can ta yi wankan jego, sannan aka dawo da ita Jibiya da jariri a baya. Shekara arba'in ba wanda ya taɓa ganin abin magana a nan sai da kujera ta shigo.

Dattawa suka fara ja da baya. Suka sa rana, washegarin kasuwa, za su zauna su duba ko za a canza shi da wani. In kuwa aka canza shi, ba tsuntsu ba tarko ke nan: banki ya riga ya sa wani a kujerarsa, ga mata da 'ya'ya biyar.

Yaya mutumin takarda ne, ya ɗauka duk cutar duniya hatimi ne maganinta. Ya tafi Kaduna ya samo wasiƙar lauya mai cewa ɗa ubansa yake bi, ko a ina aka haife shi. Ya tsaya a gindin bishiyar bedi a tasha ya karanta ta da Turanci, sannan ya fassara. Mutane suka saurara tsit. Da ya gama sai wani mahauci ya goge hannu ya ce, "To Manaja, mun ji lauya. Amma ita cibiyar tana ina?" Tasha ta kwashe da dariya. Ranar ko abinci bai ci ba.

Mutum ɗaya ce a garin za ta iya tsayawa ta yi magana a ji, ita ce Inna. Tsohuwar ungozoma ce, rabin unguwarmu a hannunta suka faɗo. Sai dai Yaya ɗan fari ne, Inna kuwa mai riƙon kunyar ɗan fari ce irin ta mutanen da. Ba ta taɓa kiran sunansa ba. In ya durƙusa gaishe ta, bango take kallo ta amsa a taƙaice. In tana da saƙo, ni take ce wa, "Ki gaya ma mutumen nan kaza," alhali yana zaune a gabanta. In aka yabe shi a gidan biki sai ta tashi ta bar wurin. Mu ƙannensa mun sha goyo da wasa, shi kuwa kakarmu ce ta rene shi tun daga yaye.

Ana gobe za a zauna na same ta tana tankaɗe, na sauke mata duk abin da ke cikina. Na ce, "Inna, wace irin kunya ce wagga? Ana shirin tozarta shi a gari, ke kina nan kina tankaɗe!" Ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Ke dai kin cika baki. Miƙo man ƙwaryar can." Na miƙa mata na fita ina huci, na rantse a raina in na haifi ɗan fari sai na riƙa kiran sunansa har maƙwabta su gaji.

Da hantsi aka taru a zauren shugaban jam'iyya. Mace ba ta shiga wurin, don haka na bi ta ƙofar baya na zauna da matan gidan a jikin ƙofar zaure ta ciki, muna jin komai. Alhaji mai motoci ya yi ta zuba, yana cewa shi ba ƙiyayya ba ce, jam'iyya yake ji wa tsoro. Yaya ya sake fito da wasiƙarsa. Ina jin ƙarar takardar na dafe kai.

Sai ga Inna ta shigo tsakar gida da sandarta, lulluɓe da farin mayafi. Ba ta kalle ni ba. Ta wuce ta zauna a dokin ƙofar zauren, ta yi sallama. Maza suka amsa, suka juyo suna kallonta.

Ta ce, "Na ji an ce kuna biɗar wata cibiya. Ni na san inda take, don gabana anka rufe ta. Tana bayan ɗakin uwata, can ƙetare, gindin zogale."

Na ce a raina shi ke nan, ta zo ta ƙarasa shi. Alhaji ya gyara hula ya ce, "To jama'a, kun dai ji daga bakin mai ita."

Inna ta ce, "Ban ƙare ba, Alhaji. Ɗan farinka, wanda ke tuƙa maka babbar mota, ina anka haihe shi?"

Alhaji ya yi kamar bai ji ba.

Ta ce, "In ka manta ni ban manta ba. Ni na raka uwarshi goyon ciki, ƙauyensu gaba yake da namu. Kai kuma shugaba, naka a Bugaje anka haihe shi, ban taɓa jin kun ce mashi ɗan Bugaje ba. Na liman a Farfaru. Duk wanda anka haifa ma ɗan fari cikin gidanshi, ya tashi tsaye mu gane shi, mu san ya auro wadda ba ta da dangi."

Ba wanda ya motsa. Wa zai tashi ya zagi surukansa a bainar jama'a? Wani tsoho a kusurwa ya ce a hankali, "Laifi tudu ne," wasu suka fara murmushi suna kallon tabarma. Na ɗauka ta gama, har na yunƙura in kama mata sanda. Sai na ji ta ci gaba.

"Ubanshi na kwance maƙabartar garin ga, kakanshi ma nan yake. Ɗana ne. Ɗan farina ne, ni na haihe shi, kuma ban taɓa jin kunyar halinshi ba ko sau ɗaya. In za ku canza shi, ku canza shi don bai iya ba. Kar ku canza shi don na tahi gidanmu na haihu."

Ta dafa sanda ta miƙe ta fita ta inda ta shigo. Matan gidan suka bi ta da kallo baki buɗe, ni kuwa ji na yi kamar in rangaɗa guɗa. Shugaba ya yi gyaran murya ya ce magana ta mutu, a yi fatiha.

Yaya ya ci zaɓe. Ya yi shekara huɗu a majalisa, kuma duk wanda ya sha ruwan rijiyoyin da aka haƙa a ƙauyukanmu a shekarun nan ya san bakin wa ya yi ta naci a Kaduna har aka yi su. Ina alfahari da wannan har gobe. Inna kuwa ba ta sake maimaita abin da ta faɗa a zaure ba har ta koma ga Allah, kuma ba wanda ya isa ya tuna mata.

A ranar zaman nan dai, da aka watse, Yaya ya ce in shiga mota ya kai ni makaranta. Mun ɗan yi nisa sai ya gangara gefen titi ya kashe mota. Ya cire tabarau ya riƙe a hannu, yana kallon gaba.

Ya ce, "Ke kina kusa da ita. Ni ina can ƙarshen zaure, ban ji da kyau ba. Mi ta ce daga ƙarshe?"

Na san ya ji, zauren ba wani girma gare shi ba. Amma na faɗa masa kalma bayan kalma, yadda ta faɗa: ɗana ne, ɗan farina ne, ban taɓa jin kunyar halinshi ba.

Wata babbar mota ta wuce mu ta nufi iyaka. Sannan ya goge fuska da hannun riga, ya ce, "Sake faɗi."