Rigar Baba da Sarakunan Sabiya

Ni dai ban taɓa damuwa da wata ƙasa wai ita Sabiya ba sai da 'yar yayana ta ƙi karatun likita. Gidanmu kaf daga mai allura sai mai lissafi, amma yarinyar nan ta shiga jami'a a Manchester ta ce tarihi za ta karanta, a tarihin ma ba na Kano ko na Borno ba, na sarakunan Sabiya na zamanin da. Ubanta ya yi faɗa har ya gaji. Da karatun ya yi nisa sai ta mayar da ni 'yar sauraro, don a Salford nake, ba nisa, kuma ni kaɗai ce a dangi ba na ce mata ta yi shiru. Ina tuƙa tuwo tana jero mini wane ya auri 'yar wane, wane ya ƙwace garin wane.

Mu uku ne a wurin Baba. Yaya Babba akanta ne a Birmingham. Yaya Likita, uban yarinyar, yana Manchester. Sai ni auta. Shekarar da aka kawo Baba magani, gidan Likita ya sauka, tunda asibitin yana nan Oxford Road, cikin Manchester. Kafin ya rasu ya miƙa wa Likita makullan gidanmu na Kano, ya ce ya kula da gida. Yaya Babba yana tsaye a wurin yana kallo. Bayan zaman makoki gaisuwarsu ta koma saƙon waya ranar Sallah, daga baya shi ma saƙon ya ɗauke. Abin ya daɗe yana cin raina, don ni ce nake kai gaisuwar da ba wanda ya aiko ni da ita.

Sai ga yarinya ta kawo miji, wani injiniya mai kunya. A gidanmu kuwa uba ba ya ba da auren 'yarsa da bakinsa, wan uba ne waliyyi. Kuma ba a neman waliyyi ta waya, ƙani ne zai taka har gida da goro ya roƙa. Likita ya ce shi bai yi wa kowa laifi ba, in ya so limami ya tsaya. Yarinya ta ce in ba Baffanta ne zai ba da ita ba, a ɗaga bikin. Dangin ango kuma sun fara tambayar wa za su gaisar.

Ran nan yarinyar ta zo mini ido ya kumbura. Na zuba mata kunu, na ce ta ba ni labarin sarakunanta ko ta huce.

"Gwaggo, akwai wani, honestly kamar a gidanmu aka yi shi," in ji ta. "Tsohon da ya kafa gidan sarautar, 'ya'yansa maza uku. Da ya tsufa ya ajiye mulki ya tafi ibada, sai ya tsallake babban ya naɗa na tsakiya."

"Saboda me?"

"Na tsakiyan yana auren 'yar sarkin Rumawa, manyan maƙwabtansu. Babban ya yi shiru har tsohon ya mutu, sannan ya je ya jingina da sarkin Hungary, ya kori ƙanin. Daga baya ƙanin ya dawo ya karɓe abinsa. Ƙasa duk ta lalace."

Na ce to ai Hungary ɗin tamu na san ta, surukan Yaya Babba ne da suke zuga shi kullum bayan sallar Juma'a. Rumawan ma na san su, amma ban faɗa ba, don uwarta ce. Ta yi dariya har ta ƙware da kunu.

"Wa ya raba su?" na tambaye ta.

"Autan. Tun yana saurayi ya gudu ya zama mai ibada a wani dutse a ƙasar Girka, can uban ya rasu a hannunsa. Shi ya ɗauko gawar uban ya kawo gida, ya tara yayyen a kanta, suka shirya." Ta zuba mini ido. "Gwaggo, you are the last born."

"A'uzubillahi! Kabarin Baba kike so in tona? Ni ko azumin nafila da ƙyar nake kai shi la'asar, ina ni ina mai ibadar dutse?"

Amma bayan ta tafi na buɗe akwatina. Ni na riƙa wanke kayan Baba a jinyarsa, kuma da aka zo rabo na ɓoye abu ɗaya: farar babbar rigarsa mai aiki, wadda ba ya sa ta sai zai ba da aure. 'Ya'yan ƙannensa duk a cikinta ya aurar da su. Ban taɓa wanke ta ba, har lokacin ƙamshin turarensa yana wuyanta.

Na kira Likita na ce ya kai ni Birmingham sayen leshin biki, wai na can ya fi kyau. Ya san ƙarya nake, ni ma na san ya sani. Da na buɗe but ɗin motar zan ajiye jakata, sai na ga ƙullin goro a lungu an rufe shi da tsumma. Na rufe but, ya ja mota yana ta mitar cunkoson hanya kamar ita ce damuwarsa.

A unguwarsu ta Balsall Heath matar Yaya Babba ta buɗe mana, ta kalle ni, ta wuce kicin da sauri. Yaya Babba yana falo. Suka gaisa kamar baƙin da suka haɗu a layin asibiti. Ya hanya? Lafiya. Ya aiki? Alhamdulillah. Sai kowa ya koma kallon talabijin ɗin da ba a kunna ba.

Na zaro rigar na shimfiɗa ta a kan teburin tsakiya. Na shirya jawabi tun daga Manchester, har da sarkin Hungary a ciki, amma da ƙamshin ya tashi sai komai ya gudu. Abin da na iya cewa kawai shi ne, "Yaya, an sa ranar 'yarka, kuma rigar nan ba ta da mai sa ta."

Yaya Babba ya daɗe yana shafa aikin wuyan.

"Makulli dai ba ni aka ba ba," ya ce a hankali.

"Yaya, makullin nan ba abin da ya jawo mini sai gyaran rufi da rigimar 'yan haya," in ji Likita. "Wallahi in kana so, tonight zan kawo maka."

"Wa ya ce ina so? Tambayata kawai ba a yi ba."

Wannan magana ta sa ni kuka, don gaskiya ce, ba wanda ya taɓa tambayarsa. Ya miƙe ya zura rigar a kan suwaitarsa. Baba dogo ne, Yaya Babba kuwa tsayin Inna ya ɗauko. Rigar ta sauka har ƙasa, hannayen suka rufe yatsunsa, ya tsaya tsakiyar falo kamar yaron da ya saci kayan ubansa. Dariya ta ƙwace mini cikin hawaye.

Daga baya na tambayi yarinyar ko sarakunan nata sun zauna lafiya daga nan. Ta ce waɗannan biyun dai sun zauna, amma a cikin jikoki an sami ɗan da ya tumɓuke ubansa, an sami uban da ya sa aka makantar da ɗansa, gara in tsaya inda na tsaya. Na ce ai ni dama iyakar karatuna ke nan.

Abin da ba ya barin idona shi ne abin da ya biyo bayan dariyar. Likita ya tashi ba tare da kowa ya ce masa ba, ya je bayan Yaya Babba, ya tattaro hannun rigar na dama ya ɗora masa a kafaɗa, ya tattaro na hagu, ya daidaita, yadda yake yi wa Baba duk ranar ɗaurin aure. Sannan ya durƙusa ya ce, "Yaya, goron yana mota."

"To me kake jira?" in ji Yaya Babba. "Je ka ɗauko."