Jan Haƙori da Ruwan Rijiyarmu

Duk wanda ya tashi yana shan ruwan rijiyar unguwarmu, a wani ƙauye gefen Zakka, haƙoransa da ja suke fitowa, kamar tsatsa ta kama su. Ba mu ɗauki abin a bakin komai ba. Sai da na shiga kwalejin horon malamai a Katsina na san abin kallo ne, don ɗalibai sun yi ta tambayata tun yaushe na fara cin goro da taba.

A shekarun da kuɗin man fetur suka fara yawo, kantunan Safana suka cika da kaya, har da man goge baki cikin kwali mai sheƙi. Ina kama aikin koyarwa na sayi ɗaya da buroshi, na ajiye aswaki. A jikin kwalin an rubuta cewa akwai sinadarin fulorayid a ciki, mai gyara haƙori. Ni kuwa na ɗauka jan zai wanke. Safe da yamma ina dirza har dasashina ya yi jini. In wani iri ya ƙare sai in nemi wani, in tsaya a kanti ina karanta kwalaye, ko zan dace da wanda sinadarinsa ya fi yawa. Haka na yi ta fama har na yi aure, aka tura ni makarantar Yasore.

Wata rana na kai matata asibiti a Batsari da ciwon haƙori, tana goye da ɗiyarmu ta fari. Da likitan ya gama da ita sai ya ce in buɗe nawa bakin. Ya tambayi inda na girma da irin ruwan da muke sha.

"Malam, ka daina wahalar da kanka," in ji shi. "Wannan ba dauɗa ba ce. Abin da ake sa wa man nan kaɗan don hana ruɓewa, shi ne ya yi yawa a ruwanku, ya shiga haƙorin tun kana yaro. Ba ya fita." Ya nuna yarinyar. "Ita dai in kun koma garinku, a nema mata wani ruwan. In ta fara goge baki kuma, kada ta riƙa haɗiye man."

Ban ji haushi ba. Daga ranar dai na daina bin kantuna ina karanta kwalaye.

Ba a daɗe ba aka dawo da ni makarantar garinmu, muka zauna a gidan gado tare da mahaifiyata. Kullum kafin in tafi aji sai in ɗaura jarkoki a keke, in ɗebo ruwa daga wata rijiya can bayan gonaki, kusa da rugar Fulani, wadda masu shan ruwanta ba su da jan haƙori. Da damina keken ya kafe a laka, in tura shi, in isa makaranta da wando jiƙe.

"Rijiyar da kakanka ya haƙa da hannunsa ce yau ba ta shayuwa?" Inna ta tambaye ni.

"Ba raini ba ne, Inna. Likita ne ya faɗa."

"Ni ita na sha duk rayuwata, kuma ko haƙori ɗaya ban zubar ba."

Gaskiyarta ce. Na kuma san in na fita, daga randarta take shayar da yarinyar. Maƙwabta suka rage gaisuwa, wasu na cewa boko ya juya mani kai. Na kai wa mai gari maganar a haƙa wata rijiyar, ya ce zai isar da ita gaba. Ban sake jin komai ba.

Shekaru muka yi a haka. Da yarinyar ta yi famfara, sababbin haƙoran gaba suka fito da ɗigo-ɗigon fari da ɗan layin ja a baki. Bai kai nawa ba, amma yana nan. Na jingine keken a zaure na zauna a ƙasa, na daɗe ban tashi ba.

Matata ta leƙo, da tsohon ciki, ta tambaya ko gobe zan je ɗibar ruwan.

"Zan je," na ce. "Ga wani yana tafe."