Amsar Gaisuwa a Ƙarƙashin Ruwa

Na haura shekara hamsin kafin na koyi iyo. Ba na jin nauyin faɗin haka, domin a unguwar da na tashi a Zariya babu ruwan da ya wuce na rijiya da na kududdufi, kuma duk yaron da aka kama a kududdufi ya san abin da zai tarar a gida. Likita ne ya umarce ni da in nemi motsa jikin da ba zai wahalar da gwiwata ba, sai na fara zuwa wani wurin ninkaya a Bronx, cikin birnin New York inda nake zaune, idan na tashi daga aikina na adana bayanan marasa lafiya a asibiti. A can na ga wasu mutane goye da tukwanen iska, suna nutsewa har ƙasa su zauna abinsu kamar masu hira a zaure. Da na tambaya aka ce masu koyon nutso ne, suna shirin tafiya tsibiran Karebiyan. Ban bar ginin ba sai da na yi rajista.

Maiɗakina ba ta hana ni ba, amma ta kafa sharaɗi: ba zan shiga teku da baƙo ba. Dokar nutso ma ta goyi bayanta, don mutum ba ya nutso shi kaɗai, kowa yana da abokin da zai riƙa duba shi a ƙasan ruwa. Ta ce yayanta ne zai zama abokina, in ba haka ba kuwa in ci gaba da iyona a Bronx. Yayan nata ɗan kasuwa ne, yana da shagon turare da huluna a titin 125 na Harlem. A Gaya ta Nijar aka haife shi, a bakin kogin Isa wanda mu muke kira Kwara. Ya girme ni nesa ba kusa ba, kuma tun ranar da na auri ƙanwarsa yake kirana Akawu.

"Akawu, ni za a koya ma ruwa?" in ji shi da na same shi a shago. "Ni da nike ƙetare Isa da tufahina bisa kai?"

"Yaya, wannan ba iyo ba ne. Nutso ne, yana da ƙa'idojinsa."

"Ku 'yan boko komi sai kun yi mishi ƙa'ida. To, mu tahi in ga abin da za su hwaɗi."

Shawarata ta farko ga duk mai niyyar irin wannan tafiya ita ce ya fara karatun tun yana gida, a ruwan da ba shi da igiyoyin teku ko gishiri, kada ya bari sai ya isa tsibiri ya ɓata hutunsa a aji. Mu cikin hunturu muka fara, dusar ƙanƙara na zuba a waje muna cikin ruwan ɗumi. Malaminmu tsohon ma'aikacin kashe gobara ne, mutum mai ƙarancin magana. Ya sa kowa ya sayi gilashin fuskarsa da ya yi daidai da shi maimakon na haya. Ya dubi gashin bakina ya ce in rage shi, in ba haka ba ruwa zai riƙa shiga ta ƙarƙashin hanci, gemu kuwa babu ruwansa da shi. Ya nanata cewa ba a riƙe numfashi ko kaɗan muddin ana shaƙar iskar tukunya. Sannan ya zo kan kunne. Ruwa yana danna dodon kunne yayin da mutum yake yin ƙasa, don haka sai a toshe hanci a hura a hankali tun kafin a ji zafi, a yi ta maimaitawa. In kunne ya ƙi, a ɗan yi sama a sake gwadawa. Mai mura kuma ba ya nutso.

Da yake ba a magana a cikin ruwa, da hannu ake tambaya. Malami zai haɗa babban yatsa da manuni su yi zobe, ma'ana lafiya kake? In lafiya kake ka mayar masa da zoben. In da matsala ka shimfiɗa tafin hannu ka karkaɗa shi, ka nuna wurin da ke damunka. Yaya ya koyi wannan nan take. A gaskiya ya fi kowa sakewa a ruwan, yana sulalewa ƙasa kamar tarwaɗa alhali ni ina ta fama da hancina. Duk sanda malami ya yi masa zobe, kafin ya sauke hannu Yaya ya mayar.

A jirgin ƙasa mai lamba huɗu, kan hanyarmu ta komawa, na lura yana karkata kai yana danna bayan kunnensa na hagu. Na yi masa magana ta wannan ɓangaren bai ji ba.

"Yaya, kunnen nan lafiya kuwa?"

"Lahiya lau."

"Na ga kana ta taɓa shi."

"Kunnena ne, Akawu. Sai na nemi izini wurinka?"

Da na isa gida na ba maiɗakina labari, sai ta ce ai mako guda ke nan yana fama da mura, ita ta dafa masa citta da kanumfari. A nan na gane abin da ke faruwa, raina kuma ya ɓaci ƙwarai. Yaya ya ɗauki zoben malami a matsayin gaisuwa. Mu kuwa an tarbiyyantar da mu cewa gaisuwa ba a amsa ta da ƙorafi. Ko mutum yana kwance rai a hannun Allah, aka ce ya jiki, zai ce da sauƙi. Wannan ɗabi'a tana da kyau a zaure, kuma ba ni da niyyar watsar da ita a can. Amma a wurin aikina na ga abin da take jawowa: likita ya tambayi dattijo, dattijo ya ce da sauƙi, a rubuta cewa yana samun sauƙi, a sallame shi, ya dawo a motar ɗaukar marasa lafiya. Abin da aka faɗa shi ake rubutawa, kuma da shi ake aiki. A ƙasan teku lamarin ya fi haka tsanani, domin dodon kunne yana iya fashewa, jiri ya ɗebi mutum har ya kasa bambance sama da ƙasa.

Na same shi a keɓe na roƙe shi ya gaya wa malami da bakinsa. Ya yi dariya ya ce bai taɓa kai ƙarar jikinsa wurin wani ƙato ba. Saboda haka a darasi na gaba, muna tsaye a bakin ruwa da tukwane a bayanmu, na ce wa malami abokina yana da mura, kunnensa na hagu yana ciwo tun wancan makon, kuma ko me ya same shi zobe zai mayar.

Malami ya dubi Yaya ya tambaye shi ko gaskiya ne. Ni Yaya ya juyo ya kalla.

"A gaban mutane, Akawu? Ni za ka tona ma asiri kamar yaron da ya yi hitsarin kwance?"

"Na faɗa maka a keɓe, Yaya, ka ƙi."

"Wa ya aike ka?"

"Ni ne abokin nutsonka. Aikin da aka ba ni ke nan."

Malami ya karɓi tukunyarsa ya ce ba zai sake shiga ruwa ba sai likitan kunne ya duba shi. Yaya ya sa tufafinsa ya fita ko sallama bai yi mini ba.

Abin da ya biyo baya bai yi daɗi ba. Maganar ta zaga shagunan titin 125, ta isa masallaci. Wani dattijo ya tare ni bayan sallar Juma'a ya ce bai kamata mai ilimi kamata ya kunyata surukinsa a gaban bare ba. Na amsa masa da ladabi cewa na gwammace Yaya ya yi fushi da ni yana ji da kunnuwansa biyu. Maiɗakina ta shiga tsaka mai wuya, ta daina tayar da zancen tafiyar gaba ɗaya. Na san in Yaya ya janye, tafiyata ta rushe, tunda sharaɗinta yana nan. Duk da haka ban je ba da haƙuri ba, domin ban ga laifin da na yi ba, kuma ba na ba da haƙurin ƙarya. Na dai ci gaba da zuwa shagonsa ina gaishe shi, yana amsawa a taƙaice yana kallon titi.

Ƙanwarsa ce ta ja shi wurin likita. Aka tarar dodon kunnen ya kumbura, jini ya taru a bayansa, amma bai fashe ba. Likita ya ce da ya sake nutsawa a wannan hali da wataƙila labarin ya canza. Bayan ya warke ya koma ya ƙarasa darussansa a wani rukuni dabam, ba tare da ya sanar da ni ba. Ana saura kwanaki kaɗan tafiya ya kira ni a waya, ya tambayi irin jakar da ake zuba kayan roba na nutso, ya kashe.

Mun tsara tafiyar bayan ƙaramar salla, don nutso yana busar da maƙogwaro kuma ana son mutum ya sha ruwa sosai. Mun kuma ware ranar ƙarshe babu nutso, saboda ba a hawa jirgin sama da iskar tukunya a jini, sai an ba jiki yini guda cur. A tsibirin ruwan garau yake, kana cikin kwalekwale kana hango yashin ƙasa. Jagoranmu ya gargaɗe mu kada mu taɓa komai, ko dutsen murjani ko kifi, don wani yana ƙuna, wani kuma taɓawar ce ke kashe shi.

Muka kama igiyar da aka ɗaure kwalekwalen da ita muka fara sauka, ni da Yaya fuska da fuska. Ba mu yi nisa ba na yi masa zobe. Ya dube ni ta cikin gilashi, ya daɗe bai motsa ba. Sannan ya shimfiɗa tafin hannunsa ya karkaɗa, ya nuna kunnen hagu. Muka ɗan yi sama, ya toshe hanci ya hura, ya jira, ya sake hurawa. Da ya mayar mini da zoben na yarda da shi, muka sauka har ƙasa. Ranar muka ga kififiya tana kiwo a cikin ciyawar ruwa, ko kallo ba mu ishe ta ba.

A nutsonmu na ƙarshe aka kai mu wurin wani tsohon jirgin ruwa da ya nutse, wanda Yaya ya fi ɗokin gani tun muna New York. Wannan karon kunnen ya ƙi sam. Ya gwada, ya sake gwadawa, sannan ya ɗaga babban yatsa, alamar hawa sama. Na bi shi muka fito tare, na kama tsani zan bi shi cikin kwalekwale.

"Ina za ka?" in ji shi, yana tuɓe gilashi.

"Abokina ya fito, ni ma na fito."

"Kai dai ka cika tsari. Ga jagora can yana jiranka bisa igiya, bi shi. Ƙanwata ba ta nan, ni ne babba, na ba ka izini. Ka duba da kyau, in ka hito ka hwaɗa mini komi, kada ka rage."

Na koma na bi jagora. Da na fito na tarar Yaya zaune a inuwar rumfar kwalekwale da tawul a kansa. Na zauna ta damansa na fara daga farko: yadda jirgin ya kwanta a gefe guda, da tagoginsa da murjani ya rufe, da wani ƙaton kifi mai leɓe da ya mai da ɗakin matuƙi gidansa. Yana tsayar da ni yana tambayar girman kifin, ina gwada masa da hannu, yana cewa na ƙara.