Muryar da Take Bari a Asibiti

A ɗakin mata na asibitinmu, akwai wata nas da marasa lafiya suke kira Hannun Sanyi, domin allurarta ba ta da zafi. Mu sauran nas-nas kullum cikin ƙorafi muke: safar hannu ta ƙare, aiki ya fi ƙarfinmu, shugabarmu ba ta iya cewa sannu ba. Hannun Sanyi kuwa ko a jikinta. Da zarar wata tsohuwa ta ce mata "Allah ya yi miki albarka," shi ke nan, ta ƙoshi.

Sai dai duk haƙurin nan a ƙofar asibiti take ajiye shi. In ta isa gida a gajiye, mahaifiyarta mai hawan jini ta fara jan ƙafa kan shan magani, sai tsawa: "Inna, ki haɗiye mana! Ni ma fa mutum ce!"

Ran nan Inna ta zo a duba jininta, ta zauna a benci tana jiran 'yarta. Ta bayan labule ta jiyo ta tana lallashin wata tsohuwa: "Haba uwata, ƙwaya ɗaya ce tak. Sha don ni."

A hanyar gida Inna ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Ashe kina da wannan muryar? Ki nema mini gado a ɗakinku mana."

Har yau ana sa wa Hannun Sanyi albarka. Amma yanzu in an sa, sunkuyar da kai take yi, ta hau gyara zanin gadon da ba abin da ya same shi.