Kujerar Alƙaliya

Duk wanda fankarsa ta taɓa yi masa gardama a unguwar ya san shagon Mai Fanka. Ɗan ƙuƙut ɗin shago ne a ƙarƙashin matakalar wani bene, tsakanin mai walda da mai sayar da katifa, maƙare da matattun fankoki: wata ba kai, wata ba fiffike, wata mai ita ya manta da ita tun yaransa suna rarrafe. Shi kansa siririn mutum ne mai ƙaramar murya. In ka kawo masa aiki ba ya tambayarka me ya faru. Jona ta yake yi, ya ɗora bakin sukundireba a bayan injin, ya kara ƙotar a kunnensa ya lumshe ido. Can sai ya ce, "Koyil ne ya ƙone," ko kuma, "Giris kawai take so." Da wannan sana'ar ya riƙe iyalinsa tun yana da baƙin gashi har ya yi furfura.

Amma fankar falonsa ba ta tashi sai an zungure ta da sanda. Wannan ita ce ƙarar da matarsa ta fi shigarwa a kansa, ita ce kuma mai yanke hukuncin, shi ya sa yake kiranta Alƙaliya.

Kullum da yamma in ya rufe shago ya dawo, sai ya wanke baƙin giris ɗin hannunsa a famfon tsakar gida, ya zauna a bakin ƙofar falo. Ita kuma tana kan farar kujerar robarta a bakin kicin, wadda ƙafarta ɗaya ta tsage ya ɗaure da wayar koyil. Sai ya fara ba da rahoto: wa ya zo, wa ya yi masa rashin kunya, me mai walda ya ce. Tana tsince shinkafa tana saurare, ba ta katse shi. In ya kai aya sai ta ɗago.

"Ka gama?"

"Na gama."

"Kai ne da laifi."

"Haba Alƙaliya, ko shaidu ba za a kira ba?"

"Na san wanda ake ƙara tun kafin ya yi gemu. Wane shaida kuma?"

"To, na ji. Ni ne da laifi."

Daga nan sai a zuba abinci.

Autansu ya taso yana jin wannan shari'ar, da ya girma kuma ya shiga rubuta labarin fim. Fim ɗinsa na farko da ya yi kasuwa na barkwanci ne, a kan wani mai gyaran fanka da matarsa mai baki. Aka samo wani ƙaton ɗan wasa mai tumbi ya fito a matsayin mijin. Mai Fanka da Alƙaliya sun kalle shi tare, ta yi dariya har tana share ƙwalla da gefen mayafi, tana cewa, "Ni ce wannan? Ai ni ban kai ta surutu ba." Unguwa ta ɗauka. Ana tsokanarsa a shago, ana tsokanarta a kasuwa, ko a jikinsu. Su biyu ake yi wa dariyar, kuma da yamma sai su zauna su rama, su yi wa masu dariyar tasu dariyar.

Sai ta kwanta ciwo, ciwon da bai ba su lokacin shiri ba, ta riga mu gidan gaskiya.

Da masu gaisuwa suka ɗauke ƙafa, 'ya'yansa mata suka koma gidajensu, Auta ne ya zauna da shi na wani lokaci don kada a bar Baba shi kaɗai. A idonsa aka yi komai. Ya ga Baba ya ƙona shinkafa har tukunyar ta tashi daga aiki. Ya gan shi ya zuba shayi kofi biyu, ya tsaya yana kallon na biyun. Ya ji shi yana birkita ɗaki yana cewa, "Wai ina kika ajiye mini almakashi?" Ya ga ranar da ya hau tebur ya sauke fankar falo, ya gyara ta tsaf, ya mayar, ya tsaya a ƙarƙashinta yana cewa a hankali, "Ga ta nan tana juyawa. Sai ki fito ki gani."

Ya kuma ga rahoton yamma, don Mai Fanka bai daina ba. Zai wanke hannu, ya zauna a bakin ƙofa, ya fuskanci farar kujerar ya kwashe labarin yini kaf. In ya gama sai ya yi shiru daidai tsawon lokacin da takan ɗauka, sannan ya gyaɗa kai ya ce, "To, na ji. Ni ne da laifi." Ba hauka ba ce, ya san sarai ba kowa a kujerar. Amma wannan ɗan zaman shi ne abin da yake tashinsa da safe. Yakan ji wani abu a shago ya ce a ransa, wannan sai Alƙaliya ta ji, kuma da haka yinin yake wucewa. Ranar da ya waiwaya ya ga Auta tsaye a bayansa, kunya ta kama shi, amma bai ce masa ya rufa masa asiri ba. Wa yake roƙon ɗan cikinsa irin wannan?

Bayan Auta ya koma bakin aikinsa, wata rana ya zo da fara'arsa. "Baba, kashi na biyu na fim ɗin ya fito. Dole ka zo ka gani. Don Mama na yi shi."

Mai Fanka ya goge rigarsa ta fita kunya da kansa, har ya ɗan ƙona wuyanta. Abin da ke ransa guda ne: zai sake jin maganganunta, ko da a bakin wata ne. Abin da bai sani ba shi ne, 'yar wasan da ta fito a matsayin matar ta yi tsada, ayyuka sun yi mata yawa, fitowa biyu kawai ta yarda ta yi. Sai Auta ya warware matsalar da dabara irin ta marubuta: a farkon fim matar za ta tafi jinyar yayarta, a ƙarshe ta dawo. Tsakani kuwa a nuna yadda miji ya kasance da babu ita. Ba sai ya wahalar da ƙwaƙwalwarsa ba, ya riga ya kalli wannan da idonsa.

Sinimar ta cika da rana tsaka, iyaye da yara, ga ƙamshin gugguru, ga sanyin na'ura da ya sa Mai Fanka naɗe hannu a ƙirji. Matar ta fito, ta yi faɗanta, ta shiga mota ta tafi. Yana ta jira a sake nuna ta, sai ga mai tumbi a kicin hayaƙi ya turnuƙe shi. Mutane suka tuntsire. Mai Fanka ma, a faɗi gaskiya, ya murmusa. Da aka zo kan kofin shayi biyu murmushin ya ɗauke. Da mai tumbi ya leƙa ƙarƙashin gado yana ihun almakashi, matar da ke zaune gefen Mai Fanka ta daka wa mijinta duka a cinya.

"Wallahi kai ne! Ko cokali ba ka san inda yake ba!"

"Ke dai bari," in ji mijin, yana haɗiyar dariya. "Wannan ai ya fi ni lalacewa."

Sai ga kujerar. Fara, ta roba, har da wayar a ƙafa. Auta bai manta da komai ba. Mai tumbi ya tsuguna a gabanta da ƙyar, aka saka wani kiɗa mai tsalle-tsalle, ya fara zuba rahoto yana zare ido. Ya yi shiru. Ya karkata kunne. Ya langaɓe kai ya ce, "To, na ji. Ni ne da laifi."

Zauren ya rushe. Wani a baya yana buga kujerar gabansa, wani yana maimaita maganar da muryar mai tumbi, yara suna ta ƙyaƙyatawa ba su ma san dalili ba. Wayoyi suka tashi sama ana ɗauka. Mai Fanka ya ji kamar an yaye rufin gidansa gari ya leƙo. Ya duba hagu ya duba dama, ko zai ga mutum ɗaya da ya gane. Wata tsohuwa ce kawai a layin gabansa ta sunkuyar da kai, ita ma jikarta ta girgiza ta tana cewa, "Kaka, kalli mana!"

Can ƙarshe aka ji hon ɗin tasi. Ƙofa ta buɗe, matar ta shigo da jakunkuna niƙi-niƙi, ta dubi fankar da ke juyawa, ta dubi mijin, ta kama ƙugu. "Wa ya taɓa mini kujera?" Aka ɗauki tafi da fito. Mai Fanka bai san sanda ya miƙe tsaye ba, sai da na bayansa ya ce, "Baba, ka tare mana." Ya zauna. Bai taɓa jin hassadar wani mahaluki ba kamar yadda ya ji ta wannan ƙaton mai tumbin.

A waje Auta ya kutso cikin jama'a, fuskarsa kamar an ba shi sarauta. "Baba, ka ji yadda suke dariya?"

"Na ji."

"Ka ga ƙarshen? Na dawo maka da ita gida, Baba. Tun ina rubutawa nake kuka."

Da gaske yake, idonsa ya kawo ruwa. Wannan ne ma ya fi ciwo, don da mugunta ce da an san yadda za a yi da ita. Mai Fanka ya gyara masa wuyan riga ya ce, "Ka kyauta. Allah ya yi albarka."

Da yammar nan ya wanke hannu duk da bai taɓa giris ba, ya zauna a bakin ƙofa. Yana da labari kuwa, babba. Ya buɗe baki ya ce, "Yau na je…" sai ya ji muryar tasa ta koma ta mai tumbi. Ya kama kansa yana jiran a fashe da dariya. Ya sake gwadawa da raɗa, bai canza ba. Washegari haka, wanshekare haka. Kujerar da ta shekara tana saurarensa ta zama kayan wasan kwaikwayo.

Fim ɗin kuwa ya karɓu fiye da na farko. Direbobi suna faɗa wa juna "Ni ne da laifi" in motocinsu sun gogi juna a titi, mazaje suna faɗa wa matansu. 'Yan unguwa da suka san abin da ya faru sun kama bakinsu, amma baƙi suna zuwa daga nesa da fankokin da lafiyarsu ƙalau, don kawai su ga Mai Fanka na ainihi.

Wata yamma wata mata mai fara'a ta zo karɓar tata. Ta kalle shi sama da ƙasa, ta yi dariya.

"Ashe ma ba ka da tumbin! Baba, ka ba mu dariya, ni da maigidana har muka kusa faɗowa daga kujera. Don Allah a gaida mana Mama. A ce mata kada ta sake yin nisa, ka ga yadda ka zube."

Mai walda ya kashe injinsa. Mai katifa ya juya baya yana gyaran abin da ba ya buƙatar gyara. Mai Fanka ya naɗe mata wayar fankar a hankali, ya miƙa mata da hannu biyu.

"Za ta ji," ya ce.

Ya rufe shago ya tafi gida. Ya wanke hannu, ya zauna a bakin ƙofa yana kallon kujerar har hasken yamma ya janye daga tsakar gidan. Bai isar da gaisuwar ba.