Farin yashin Baba Nuhu

Ranar Laraba, 9 ga Afrilu, 2025, ina kan tsani a wani gini a Gauraka, ɗanka Joshuwa ya kira ni ya ce ka rasu. Na ce masa to. Na ƙarasa shafen bangon da na fara, na wanke hannu, sannan na hau babur zuwa Suleja. Har yau ban yi kuka ba, Baba Nuhu, kuma ban san dalili ba.

Kai mai haƙar yashi ne, ni magini. Tun Abuja na daji kake loda tifa da shebur a tsohon ramin bayan gari, inda ake samun farin yashin nan mai laushi wanda filastarsa ba ta tsagewa. Ba ka taɓa barin kowa ya shiga rami shi kaɗai ba, sai da mutum a sama yana duban gaɓa. Rannan da ta zube, ihunka ne ya fitar da mu da ranmu. Ka sha yi mini tsiya cewa hannuna ya fi bakina gaskiya. Ƙurar yashin nan ce ta zauna maka a ƙirji, ka yi ta tari kana cewa mura ce.

Da za a cike ramin a yanka filaye, ka kwaso lodin ƙarshe ka jibge a tsakar gida, ka rufe da tamfol. Ko yaro ya ɗiba da gwangwani sai ya ji muryarka. Ka ce na ɗakin matarka Talatu ne, wanda ka ɗora wa kwano amma ba ka kai ga shafe ba, ruwa na ratsa bulo duk damina.

Bayan an binne ka, 'ya'yanka suka ce in ɗaure kabarinka da shi, ai kai ka fi cancanta. Yashin ba zai isa aiki biyu ba, kuma babu inda za a samo irinsa. Hadari ya riga ya fara haɗuwa. Na tsaya da shebur a hannu.

Talatu ce ta yaye tamfol ɗin da kanta. Ta ce, "Malam Bamalli, kai masa. Na saba da jiƙa."

Ban kai maka ba, Baba Nuhu. Na ɗaure kabarinka da yashin kwata irin wanda kake tsaki idan ka gani. Naka yana bangon ɗakinta, ciki da waje, kamar yadda ka ce. Jiya aka yi ruwan fari, da safe na je na shafa bangon, a bushe yake.

Allah ya jiƙanka, ya ba ka hutawa. Joshuwa, kai da ƙannenka, ku gafarce ni, Allah ya ba ku haƙuri. Talatu kuwa har yanzu ba ta amsa gaisuwata, amma a ɗakin take kwana. Allah ya sanyaya mata zuciya.