Manyan Duniya Sun Sa Hannu

Ni ban yi boko ba, 'yata ce ke rubuta abin da nake faɗa. Idan ta dakata, kuka ne ya tare ni, don tun da Maigida ya rasu ban iya ambatonsa ido a bushe.

Soja ne da ya dawo daga yaƙin duniya a ƙasar Bama, ya kama tuƙin lori a tashar mota ta Kejetia. A bakin tukunyar kokon Innata ya gan ni, ni ma na gan shi. Da magabatansa suka zo tambaya, Babana, mai fataucin goro, ya ce ba ya ba soja 'ya.

"Ai an gama yaƙi, Malam," in ji su.

"An daina harbi dai. An yi sulhu? In ba a yi ba, gobe su busa ƙaho ya tafi, a bar mini yarinya da takaba. A yi sulhu tukuna."

Baba bai yi don mugunta ba. Shi a saninsa, sulhu zama ɗaya ne a gaban manyan Zango, unguwarmu ta Hausawa: a faɗi laifi, a fasa goro, a ci abinci ƙwarya ɗaya, a shafa Fatiha. Ya ɗauka kafin Juma'a an gama.

Sai ga aurena a hannun masu zaman sulhun, Ingila da Amurka da Rasha da Faransa! Maƙwabcinmu akawu yana da akwatin rediyo, shi ke juya mana Turancin. Kullum na kai masa koko sai in tsaya ina gyara marfin da ba abin da ya same shi.

"Amaryar Rasha, yau ma sun tashi baram-baram," yakan ce, yana dariya.

Ƙawayena suka mai da shi waƙa. Inna kuwa cewa take, "Mutanen nan ba su da tsoho ne a garinsu? Ko goro ne babu, mu aika musu da huhu guda?"

Azumi ya wuce, layya ta wuce. Wata rana da hantsi akawu ya shigo gidanmu ko sallama bai gama ba. "Malam, sun sa hannu!"

Baba ya ajiye goron da yake tsincewa. "Dukansu? Har Rasha?"

"Dukansu, a tebur ɗaya."

"Alhamdu lillahi. Wanda ya sa hannu a akushinka ba ya ɗaga maka takobi. Me aka dafa musu?"

Akawu ya buɗe baki zai ce takarda ce, Inna ta take masa ƙafa. "Shinkafa mana," ta ce. "Me Bature zai ci?"

A makon nan aka ɗaura. Lorin Maigida ce ta kwashe ni da ƙawayena, muna guɗa har unguwarsu, Asawase.

Sai daga baya Maigida ya gaya mini, yana dariya har da riƙe ciki, cewa wancan sulhun na wasu ƙasashe ne. Na Japan, waɗanda ya yaƙa, sai da nake goyon ɗanmu na biyu aka yi shi. Ba wanda ya busa masa ƙaho. Tare muka tsufa, a ɗakina ya cika, kansa a cinyata. Allah ya jiƙansa, ya sa na same shi.